Ƙulli Biyun da Goggo Lan Ke Zubarwa a Kogi

A Layin Masu Laima, can cikin tsohon garin Fatshan, babu wanda bai taɓa shan ɗacin Goggo Lan ba, babu kuma wanda Goggo Lan ba ta taɓa zarginsa da wani abu ba. Ainihin sunanta Mak Sau-lan. Gajeriya ce, busasshiya, mai kallon mutane kamar kaza mai 'ya'ya. Shagonta bai fi faɗin ƙofa biyu ba. Akwai tulunan tagulla guda biyu masu siffar duma a kan kanta, ga kwanonin tangaran a jere, kowanne an rufe shi da ɗan gilashi saboda ƙuda, sai faranti ɗaya na bawon lemo mai gishiri don kashe ɗaci. Kujera ba ta ajiyewa. A cewarta wanda ya zauna zai fara kalle-kalle.

Ƙasarmu dai kun san ta, zafi da laima. Da an shiga wata na biyar jiki yake kama wuta daga ciki. Ka ci soye-soye kwana biyu, ka ɗora da barkono, sai ka wayi gari da ƙurji a leɓe, ido jawur, maƙogwaro kamar an zuba yashi, baki na tashi har matarka ta juya maka ƙeya. To a nan ne ƙafarka za ta kai ka wurin Goggo Lan ko ba ka shirya ba.

"Fito da harshe," haka take tarbar mutum. Ba sannu, ba ina kwana.

"Goggo, ni fa kwano ɗaya kawai..."

"Na ce fito da harshe! Ka gani ko? Ja kamar tsumman mahauci. Soyayyar agwagwa ka ci jiya, kada ka yi mini ƙarya. Shanye a tsaye, kada ka sauke kwanon."

Mutum ya kafa kai, ya runtse ido, ya sauke kwano yana hawaye, ya wawuri bawon lemo. Kai, maganin nan akwai ɗaci! Masu irin wannan sana'a sun fi ashirin a garin, amma duk an yarda na Goggo Lan ya fi na kowa ɗaci, mu kuwa a wurinmu ɗaci shi ne shaidar aiki. Kafin gari ya waye maƙogwaro ya saki. Abin da ke cikin tukunyar nan shi ne dukiyarta, shi ne sunan gidansu, shi ne kuma abin da ya hana ta sakewa da kowa shekara talatin da ɗaya.

Daga mahaifinta ta gada, Baba Mak, wanda shi ma zargi a jininsa yake. Bai taɓa rubuta haɗin a takarda ba. A shekarun da aka hana kowa sana'ar kansa, a ka ya riƙe shi, yana bitarsa a zuci kamar mai tsoron kada bango ya ji. A ƙa'ida ɗa namiji ake ba wa, to amma yayan Sau-lan ya tsallaka Hong Kong tun yana saurayi, ko wasiƙa bai aiko ba. Da ciwo ya kwantar da tsohon, dole ya kira 'yar. Ya sa ta rufe taga, ya karanto mata sunaye ashirin da ɗaya da ma'aunin kowanne, ta maimaita har sau bakwai. Sannan ya jawo kunnenta kusa da bakinsa.

"Biyu daga ciki na rufe idon mutane ne. Ki saya a gaban kowa, amma kada su shiga tukunya. Sha tara ne maganin."

"Waɗanne biyun, Baba?"

Ya buɗe baki ke nan, sai ga inuwar mijinta a bakin ƙofa. Fok Yiu ne, mai gyaran laima, a lokacin watansu huɗu da aure, ya kawo wa surukinsa ruwan ɗumi. Tsohon ya bi inuwar da ido, ya haɗe leɓe. "Gobe," in ji shi. Kafin gobe tsohon ya cika.

Sau-lan ta yi kukanta, ta share hawaye, ta zauna ta yi lissafi da hankalinta. Magani ne na kashe zafi. A cikin ashirin da ɗayan nan akwai busasshiyar citta, akwai jar magarya. Yo ko yaron goye ya san citta wuta ce, magarya kuma ɗumi gare ta. Me zai kai wuta cikin maganin kashe wuta? Ai magana ta fito fili. Tun daga ranar take sayen ƙullin citta da ƙullin magarya duk mako, ta kawo su gida a saman kwando inda kowa zai gani, washegari ta watsa su a kogi.

Wannan kaɗan ne daga dabarunta. Ba ta taɓa sayen kayan a shago ɗaya ba. Bakwai a bakin gada, tara a tsallaken kogi wurin wani kurma, biyar a nan cikin layi. Ba ta dahuwa sai ta sa sakata. Ɗanta guda ɗaya da ke aiki a Shenzhen ma ba ta gaya masa haɗin ba, wai matarsa ta cika tambaya. Wata shekara wani mai kwat ya zo daga kamfanin masu zuba irin wannan magani a gwangwani, ya sha, ya yaba, ya nemi a cika masa gora zai kai wa uwarsa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Uwar taka ta zo da ƙafarta." Tun daga nan ta hana saye a tafi da shi, ko kai wane ne.

Sai kuma maganar tatattun saiwoyi. Kowa a layinmu, in ya dafa wa majinyaci magani ya tace, tsakiyar hanya yake juye saiwoyin, masu wucewa su tattake, ƙafafu su kwashe ciwon su yi nesa da gidan. Haka muka taso muka gani. Goggo Lan kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ba. Ta zuba a hanya, wani mai ido ya tsuguna ya karance mata gado? A bokiti mai murfi take tarawa, ta ɗauka da kanta har bakin kogi, ta tsaya sai ta ga ruwa ya tafi da su.

Ragowar maganin da bai ƙare ba fa? Shi ma ba ta yarda da kwata ba, tunda kwata ta bi ta ƙofar mutane. In rana ta faɗi ta rufe shago, sai ta tatse tulunan a babban kwano ta miƙa wa mijinta.

"Tsoho, shanye."

Yiu ya karɓa ya shanye. Wani lokaci kwano ɗaya, ranar da kasuwa ba ta yi ba kwano biyu har uku. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, wanda zai yini yana ɗinkin laima bai ce uffan ba. In an tsokane shi a layi, "Kawu Yiu, kai kam zafi bai isa ya kama ka ba," sai ya yi murmushi ya ci gaba da zare. Ita kuwa har alfahari take yi da shi. Shekara talatin, in ji ta, ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito masa a baki ba.

Duk cikin waɗanda take zargi babu kamar Kawu Pun. Shagonsa na sayar da saiwoyi da ganyaye yana kallon nata, hanya ce kawai a tsakani. Daga wurin uban Pun Baba Mak yake sayen kaya biyar ɗin nan, cikinsu har da citta da magarya, ita ma ta ci gaba da saye a wurin ɗan, don in ta canza za a yi tambaya. Laifin Pun guda ɗaya ne, kuma tsoho ne. A makon farko da ta buɗe shago bayan rasuwar mahaifinta, ya tsallako ya sha kwano ɗaya, ya daɗe yana juya harshe, sannan ya ce, "Ƙanwa Lan, wannan ba irin na Baba ba ne." Shi ke nan! Ta ce ta gano shi, so yake ta fusata ta fara lissafo masa abin da ta zuba. Ta ƙwace kwanonta. Bai ƙara ɗanɗana maganinta ba, ko da kuwa bakinsa zai ruɓe. In ya fito shan iska ya kalli shagonta, ta ce ƙirga kwanoni yake yi. In ya shaƙi iska, ta ce tururi yake karantawa. Har ta sa Yiu ya karkatar da bututun hayaƙin kicin zuwa bayan gida.

A damunar da nake ba ku labari, Yiu ya fara lalacewa. Ba dare ɗaya abin ya zo ba. Da ma ya daɗe ba ya son kankana, ba ya shan ruwa sai mai ɗumi, cikinsa kuma ba ya riƙe abinci. Amma a wannan shekarar, a tsakiyar wata na shida, lokacin da karnuka ke kwance suna haki a gindin bango, sai ga Yiu da rigar auduga ta hunturu. Wuyansa ya zama kamar mariƙin laima. Allura tana faɗuwa daga hannunsa. Da yamma kuma kumatunsa su yi ja, bakinsa ya bushe.

Goggo Lan ta ga jan kumatu da bushewar baki ta ce zafi ne ya ɓuya can ciki. Ta ƙara masa kwano ɗaya da safe.

Da ya faɗi a bayan gida, maƙwabta suka matsa aka kai shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka ƙara masa ruwa, likita ya ce hanjinsa ya gaji, ya tambayi me yake ci, me yake sha. Kafin Yiu ya buɗe baki ta amsa, "Shinkafa da kifi da ganye, kamar kowa." Maganin ba ta ambata ba. In ta ambata ai sai an ce me da me ke ciki, ga ma'aikaciya a tsaye da biro a hannu. Suka dawo gida da ƙwayoyi a leda. Tana sonsa fa, kada ku ce ba ta sonsa. Ranar a kicin ta ɓuya ta yi kuka, don ba ta san yadda ake kwana a gidan nan babu tarin mutumin nan ba.

Kwana shida da dawowarsu ta ɗauki rigar audugar za ta shanya. A aljihu ta ji danshi. Ta zura hannu, sai ga guntun saiwa, dafaffiya, rawaya, har ta rina yadin. Ta san saiwar nan kamar yadda ta san yatsunta, daga bokitinta ta fito.

Ta tsinke gashin kanta guda ɗaya ta ɗora a kan murfin bokitin, ta manne da yawu. Da safe gashi ya tafi. Ta sake sawa, ya sake tafiya. A kwana ukun nan duk abin da Yiu ya yi sai da ta yi masa fassara. Ya yi shiru, ta ce mai laifi ne. Ya ce mata sannu da aiki, ta ce daɗin baki ne. Har ta koma tuna inuwar nan ta bakin ƙofa. Ashe Baba ya ga abin da ita ba ta gani ba! Shekara talatin da ɗaya mutum yana kwance a gefenka yana jiran rana? Wani sashe na zuciyarta ya ce haba Sau-lan, mutumin da ko kifi ba ya iya yankawa? Ta ce wa zuciyar ta rufe mata baki.

A rana ta huɗu da hantsi ta ɗauki kwando ta ce za ta tsallaken kogi wurin kurma. Ta fita, ta zaga ta bayan shagon mai tofu, wato awara, ta laɓe. Ba a jima ba sai ga Yiu ya leƙo, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya tsallaka hanya yana dafe da aljihu, ya shige shagon Pun. Ta ƙirga ashirin a ranta, ta bi bayansa.

A ɗakin baya ta same su. Mijinta na zaune a kan buhu, ya rungume kwano da hannu biyu, ƙamshin citta ya cika ɗakin. Pun kuma ya ɗora tabarau a karan hanci, ya baza tatattun saiwoyinta a kan tsohuwar jarida, ya ware su kashi-kashi da tsinken cin abinci.

"Ɓarayi!" Kwandon ta fara jifa da shi. "Ɓarayin tsakar rana! Kai Pun da ma na san ka, tun kana da gashi a ka na san ka. Amma kai? Kai, Fok Yiu? Na dafa maka, na wanke maka, na ɗauke ka a bayan gida kamar jariri, ashe gadon ubana kake kwasa a aljihu kana kai wa wannan ungulun?"

"Sau-lan, ki tsaya ki..."

"Kada ka kira sunana! Me ya yi maka alkawari? Sabon shago? Ko budurwa zai nemo maka, da wannan wuyan naka?"

Pun bai ko tashi ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ƙanwa Lan, in kin gama ki sauke murya, mai tofu na jin ki. Ni na sa shi ya kawo. Kuma ba abin da ke ciki nake nema ba. Sha tara ne, ga su nan, in kina so in karanto miki daga na bakin gada har na wurin kurma. Shekara talatin iska na kawo mini tururinki, ko da kika juya bututu ta bayan gida take zagayowa. Da ina so da tuni na buɗe nawa shagon dafa maganin."

Ta dafa ƙofa.

"Abin da babu nake nema," in ji shi. "Kwana uku ina tonawa. Ina cittar da nake sayar miki? Ina magaryar?"

"Ba ruwanka."

"A kogi suke, ko ba haka ba?"

"Na ce ba ruwanka! Wa ya taɓa jin citta a maganin zafi in ba jahili ba?"

"Ubanki," in ji Pun. "Ina saurayi a bayan kantar nan nake tsayawa in ya zo. Sai ya karya cittar, ya shinshina, ya gatsa, ya tauna. In ba ta yi masa yaji ba ya watso wa babana ita a ƙirji, ya ce a nemo wadda ta shekara uku. Magarya ɗaya bayan ɗaya yake matsawa. Ke kuwa tun ranar farko, duk wadda na miƙo miki sai ki jefa a kwando. Na taɓa ba ki mai ƙwari da gangan, ba ki ko duba ba. Ba mai shinshina abin da zai zubar. Na Baba in ka sha, bayan ɗacin ya wuce akwai ɗan ɗumi da ke zama a ƙirji. Naki sanyi ne zalla har ƙasa. Na gaya miki tun a makon farko, kika ƙwace kwano."

"Dabara ce," ta ce, amma muryar ba tata ba ce. "So kake in..."

"In yi me da shi, ina da shekara saba'in da biyu? Mai zafi ya sha kwano ɗaya ya tafi, ba abin da zai same shi, ya ma ji daɗi. Amma wannan mijin naki, kullum, rani da hunturu! Jan kumatun da kike gani ba zafi ba ne, 'yar wutar da ta rage masa ce take gudu sama. Yiu, fito mata da harshe."

Yiu ya dubi matarsa kamar mai neman izini, sannan ya fito da shi. Fari fat, ya kumbura, ga shatin haƙora a gefe da gefe. Matar da ta duba harshen rabin garin Fatshan, sai a ranar ta tuna ba ta taɓa cewa mijinta ya fito da nasa ba. Ta riga ta yanke cewa mai shan maganinta kullum ba ya buƙatar dubawa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" ta ce da shi. "Kai wane irin mutum ne? Bakinka ciwo yake?"

Ya juya kwanon cittar a hannunsa. "In na ce ba na sha, a kwata za ki zuba, ki kwana ba barci kina tunanin wa ya ɗiba. Na ga gara cikina." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na san saboda ni Baba bai ƙarasa miki maganar ba. Na ji lokacin da ya ce gobe. Sanyi nake ji, Sau-lan. Na daɗe ina jin sanyi."

Ta tsuguna ta tattara kwandonta, ta fita. Pun ya ɗaga murya a bayanta cewa kada a ƙara ba shi ko cokali ɗaya, kunun shinkafa da citta kawai, kuma a koma asibiti a gaya wa likita gaskiya. Ba ta juyo ba.

Ranar ba ta buɗe shago ba. Ta zauna a kicin gaban ƙulle-ƙullenta ashirin da ɗaya, tana neman inda ƙaryar Pun take, don ta rantse akwai ta. Ta juya maganar ta kowace fuska ba ta samu ba. Abin da ta samu wani abu ne daban. Ta tuna tana budurwa tana riƙe wa Baba kwando zuwa bakin gada. Akwai saiwa biyu da yake saye a can, rawayar nan mai ɗacin tsiya da wata baƙa. Da ƙarfi yake kiran sunansu har na waje su ji, a miƙo masa, ya jefa a kwando yana hira, ko kwance ƙullin ba ya yi. Ta ga hannun nasa a idonta sarai, yadda yake jefawa. Haka ita ma take jefa citta.

Da gari ya fara haske ta hura wuta. Ta ware rawayar da baƙar gefe guda. Ta ɗauko ƙullin cittar da ta yi niyyar kaiwa kogi, ta karya ɗaya ta shinshina, ta ji ba ta da wani ƙarfi, ta yi tsaki ta zagi Pun, ta zuba duk da haka. Ta bi da magarya. Da ya dahu ta tace, ta ɗebo a cokali ta kai baki. Ɗaci ya zo ya wuce. Sai ga ɗan ɗumin nan ya sauka ya zauna mata a ƙirji, ɗumin da rabonta da shi tun tana yarinya mai kitso biyu, tana tsaye a gefen tukunyar Baba. Ta zauna a ƙasan kicin ta toshe bakinta da gefen riga don kada Yiu ya ji.

A wata 'yar tukunya daban ta dama masa kunun shinkafa da citta, ta kai masa har gado. Ta tsaya a kansa sai da ya shanye, don hali ba ya canzawa a kwana ɗaya. Sannan ta taimaka masa ya fito ƙofar gida, ta ajiye masa kujera inda rana ke bugawa, ta lulluɓe masa gwiwa da bargo.

Ta koma ciki ta fito da bokitin. Mai tofu yana buɗe shago, Pun yana share ƙofarsa, 'yan kasuwa sun fara wucewa. Maimakon ta yi hanyar kogi, sai ta taka zuwa tsakiyar layi, ta cire murfi, ta kifar. Saiwoyi da ganyaye da furanni suka baje a kan duwatsun hanya suna tururi, ga citta, ga jar magarya, sha tara cif, a gaban idon duk mai ido. Tsintsiya ta tsaya a hannun Pun.

"Ku taka," in ji ta, ba tare da ta kalli kowa ba. "Mijina ba shi da lafiya. Ku taka ku tafi da shi."

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya kusa da kujerar Yiu, ta harɗe hannu, tana jiran ta ga wanda zai fara tsugunawa. Mai keke ya bi ta kai. Mai babur ya bi ta kai. Wasu mata biyu masu kwandon kifi suka tattake suna hirar tsadar ganye. Wata budurwa ta yi tsalle tana mitar an ɓata mata takalmi. Pun ya jingine tsintsiya, ya tsallako a hankali, ya taka da ƙafar dama, ya taka da ta hagu, ya yi gaba har ƙarshen layi kamar mai zuwa wani wuri. Har rana ta take, har saiwoyin suka zama laka, ba wanda ya ko sunkuyar da kai ya duba. Goggo Lan ta laluba ƙarƙashin bargo ta kamo hannun mijinta, ta ji shi da sanyi har yanzu, ta sa shi tsakanin tafukanta biyu tana murzawa.